Ɗakin Ƙasa

A cikin birnin Kano akwai gidaje da yawa waɗanda ba a gina su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, amma zamani ya yi musu shi. Yadda abin yake faruwa kuwa shi ne, duk sa'ad da aka zo gyaran titi, sai a zuba jar ƙasa da tsakuwa a kan tsohon, a malala kwalta, titi ya ƙara tashi, gida kuwa yana nan inda kakanni suka aza harsashinsa. In aka yi haka sau biyu ko uku, sai a wayi gari mai shiga zaure yana gangarawa kamar mai shiga rijiya. Gidan wani tsohon hedimasta, wanda unguwa duka ke kira Malam kawai, yana cikin irin waɗannan gidaje. Ya yi wa zauren ciko har ya daidaita da titi, amma akwai wani shago a hannun dama, wanda mahaifinsa ya gina don saukar baƙi, da bai cikitu ba, saboda rufinsa gajere ne, in an ƙara ƙasa kan mutum zai riƙa dukan azara. Don haka aka bar shi yadda yake, aka yi masa matakala 3. Yaran gidan suna kiransa ɗakin ƙasa.

Bayan gidan kuma, da can, akwai kududdufi, wanda daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina rabin unguwar, kuma ruwan damina na lungunan nan duka can yake tafiya ya kwanta. An daɗe da cike shi da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye, an yi gine-gine. Ruwan dai bai sami labarin an sayar da masaukinsa ba, kowace shekara yana zuwa nema.

Malam ya yi shekara 35 yana aikin koyarwa, kuma babu abin da aikin ya bar masa irin girmama takarda. Ya koyar a makarantun da yaro ke rubuta darasi huɗu cikin littafi guda, ya ga malaman da ke rubuta jarrabawa a allo saboda babu abin da za a buga ta a kai. Saboda haka har ya yi ritaya bai taɓa yar da ambulan ba sai ya farke ta ya yi rubutu a bayanta. Gidansa kuwa makaranta ce ƙarama. Tsakanin 'ya'yansa na ƙarshe da jikoki da marayun ƙanensa, akwai yara 14 da ke zuwa makaranta, daga mai aji ɗaya har Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ba a mako guda wani bai tsaya a bakin ƙofa ya ce littafinsa ya cika ba.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzarwa a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 750 cikin 'yan kwanaki. Takarda tana cikin kayan da suka fara jin jiki, domin kusan duk farar takardar da ake rubutu a kanta a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. Masana'antun takarda guda uku da gwamnati ta kafa, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, sun daɗe da kasa ciyar da ƙasar. Malam, wanda ke da littafin da yake rubuta kowane kwabo da ya fita daga aljihunsa, ya ga farashin littafin rubutu yana hawa a shafukansa kamar ruwa a randa. Da wani kaso na kuɗin sallamarsa ya shigo hannu a ƙarshen damina, sai ya zauna da biro ya yi lissafi, ya ga in ya ajiye kuɗin za su narke, in ya mai da su takarda kuwa za su tsaya.

Ya tafi kasuwar Sabon Gari da kansa, ya sayi littattafan rubutu dozin 40, da kwali 10 na farar takarda. Kowane kwali yana ɗauke da rim 5, kowane rim kuma falle 500, nauyinsa kilo biyu da rabi. Wannan kalma ta rim, a gefe guda, 'yar yawon duniya ce: daga bakin Turawa ta zo mana, su kuma asalinta daga Larabci suka samo, daga rizma, wato ƙunshi. Daga nan ya biya kasuwar Singa ya ƙara da manyan ɗaurin tishu, saboda baƙi da masu mura, da ƙunzugun zamani na tagwayen da aka haifa wa babban ɗansa. A Daidaita Sahu biyu ne suka kawo kayan. In an bi ta kan farashi, babu kuskure ko ɗaya a lissafin Malam, kuma watannin da suka biyo baya sun gaskata shi. Kuskuren yana wurin da lissafin bai kai ba, wato inda za a ajiye.

Uwargidansa ta fito zaure ta tarar da yara suna miƙa kwalaye ƙasa hannu da hannu. Ta tsaya ta duba, sa'an nan ta ce, "Malam, a nan za a zuba su?"

Ya ce, "Ina kuma, Hajiya? Ɗaki ne a banza, ga ƙofa ga kwaɗo."

Ta ce, "Ɗakin nan yana da rima. Na taɓa ajiye buhun gishiri a ciki, da damina ta yi nisa sai da na kwashe shi da ludayi. Ashana ma ba ta kamawa in ta kwana a nan."

Malam ya durƙusa ya shafa daɓen da tafin hannu, ya nuna mata ƙura. Ya ce siminti ne, kuma zai shimfiɗa leda. Hajiya ba ta ƙara magana ba, domin shekara 38 na zama da shi sun koya mata cewa in ya riga ya rubuta abu a littafin lissafinsa, to sai dai abin ya warware kansa.

Ya kamata a tsaya a kan kalmar da ta yi amfani da ita, domin ba da ka ta faɗe ta ba. Hausa tana da kalmomi da dama na jiƙa, kowace da gurbinta. Raɓa daga sama take sauka da dare, rana na fitowa ta ɗauke. Danshi ragowar ruwa ne a jikin abin da bai gama bushewa ba. Laima ita ce sanyin ruwan da ake ji a ƙasa ko a iska bayan an yi ruwa. Rima kuwa ta gida ce, daga ƙarƙashi take tasowa, ta bi bango da daɓe, ta zauna. Sauran duk baƙi ne masu wucewa, rima ce kaɗai 'yar gida. Mutanen da suka bambanta waɗannan a harshensu sun bambanta su a aikinsu ma. Manomi ba ya aza rumbu a ƙasa, sai ya jera duwatsu ya ɗora shi, iska tana wucewa ta ƙarƙashi, kaji suna shan inuwa suna tsince gara. Mace tana rataye ƙwaryar nono a ragaya. Malamin zaure kuwa gafakarsa a jikin turke take, sama da kan mai zama. Hajiya 'yar manoma ce daga ƙasar Ɗambatta, ba ta yi boko ba, amma wannan darasi da shi ta tashi.

Malam ya shirya ɗakin da irin tsarin da ya saba shirya ofishinsa. Ya shimfiɗa baƙar leda a daɓe, ya jera kwalayen a kai biyar-biyar, ya manna su da bango don a sami wurin wucewa. Littattafan rubutu ya tsara su a gefe, tishu da ƙunzugu a lungu. 'Yar tagar da ke kallon titi, wadda yanzu take daidai da ƙafar masu wucewa, ya toshe ta da katako da tsumma saboda ƙura da ɓera. Da ya ja da baya ya dubi aikinsa, sai abin ya ba shi sha'awa, har ya ga ai bai kamata sauran takardun gidan su ci gaba da zama a warwatse ba. Takarda wurin takarda. Ya sa aka sauko da tsohuwar adakar ƙarfe daga kan kabad ɗin ɗakinsa, inda ta shekara 20, aka kai ta ɗakin ƙasa aka ajiye a bayan ƙofa.

A cikin adakar akwai takardar gida, da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda ya kai aka manne masa cikin roba, da takardun fansho. A ƙarƙashinsu kuma akwai gafakar mahaifinsa. Mahaifin nasa malamin zaure ne, ya bar littattafai uku na rubutun hannu, Ahalari da Ishmawi da wani sashe na Risala, waɗanda shi ma gadonsu ya yi daga nasa malamin. Ba ɗinkakku ba ne, fallaye ne sake, an haɗa su tsakanin tadarishi an ɗaure da tsirkiyar fata. In aka ɗaga falle aka duba ta hasken rana, ana ganin hoton jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Wannan ita ce takardar da ake yi a zamanin da a arewa maso gabashin Italiya, fatake suna ratso Sahara da ita ta Tarabulus, kuma da tsummokaran auduga da lilin ake yin ta, shi ya sa take da ƙwari kamar ƙyalle. Kalmar takarda kanta wannan hanya ta biyo, domin masana harshe sun nuna ta bakin Buzaye ta shigo Hausa. Cikin tadarishin Risala kuma akwai wani falle guda da ba na littafin ba, inda tsohon ya riƙa rubuta ranar haihuwar kowane ɗa nasa da ajami, da rana da wata da shekarar Hijira, layi bayan layi, har layi 11.

Rani ya zo ya ba Malam gaskiya. Da hunturu iskar Kano takan bushe har awon laimarta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, takarda ta riƙa ƙara in an taɓa ta. A watan Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500, maƙwabta suna kuka da kuɗin littafi, Malam kuwa sai ya zaro mabuɗi daga aljihu, ya sauka matakala, ya fito da sabon littafi ya miƙa wa yaro, ya rubuta a rajista. Wani lokaci har yakan ɗaga murya kaɗan in Hajiya tana kusa, ya faɗi nawa ake sayar da irinsa yau a kanti. Ita kuwa sai ta ce Allah ya ƙara rufa asiri.

Abin da ba a gani da ido shi ne, takarda ba ta taɓa rabuwa da ruwa. Da zaren itace ake yin ta, kuma zaren nan yana shan laima daga iska yana saki, gwargwadon yadda iskar take. Busasshiyar takarda ma tana riƙe da ruwa kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta. In iska ta yi nauyi sai ta ƙara sha, ta kumbura, gefunanta su lanƙwashe. Tishu ya fi kowa haɗama, tun da don shan ruwa aka yi shi, kwali kuma ƙarfinsa duka a bushewarsa yake, da ya jiƙa ya zama tsumma. Da zarar awon laima ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, fumfuna takan fara tsiro, a watan Agusta kuwa iskar Kano kan haura haka, balle ta ɗakin da aka toshe tagarsa. Siminti ma ba ya hana rima. Yana da ƙananan ƙofofi da ruwan ƙasa ke bi ya hau, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ledar da Malam ya shimfiɗa ta tare wani abu, amma ruwan da ya taru a ƙarƙashinta ya bi gefe ya fito, wanda ya hau kanta kuma ya rasa hanyar komawa. Bangon da ya jingina kwalayen da shi, ta waje ƙasar titi ce ta rufe shi har kusan ƙugu. An gudu gara, an faɗa wa zago.

Alamar farko ta zo a watan Yuli. Auta ta ɗauki rim biyu ta kai shagon da ake buga mata kundin kammala karatu, don a rage mata kuɗi. Injin ya ja falle uku ya shaƙe, aka zare, ya sake shaƙewa. Mai shagon ya murza takardar tsakanin yatsunsa, ya kai hanci, ya ce wannan ta sha sanyi, ba zai lalata injinsa ba. Ta dawo gida ta durƙusa ta ce, "Baba, takardun nan fa sun fara wari." Malam ya sauka ya duba. Warin yana nan, irin na tsohuwar rijiya, ga wani farin gari kamar kanwa ya feso a gindin bango, kwalayen ƙasa kuma sun yi ciki. Ya kira wani tsohon magini, abokin zamansu na dakali. Mutumin ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce maganin ba wuya: a buɗe taga, a janye kaya daga bango kamar taƙi guda, a jera bulo a ɗora katako, kome ya tashi daga ƙasa aƙalla kamu ɗaya, abin da ake ji da shi kuwa a fitar da shi gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa, "Malam, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kai kuwa an riga an tona maka."

Malam ya yarda da maganar, wannan kam ba a ɗauke masa ba. Ya buɗe tagar a ranar. Amma katako kuɗi ne, kafinta kuɗi ne, fansho kuma sai ƙarshen wata. Akwai kuma wani abu da bai faɗa wa kowa ba: fitar da adakar daga ɗakin yana nufin a ratsa tsakar gida da ita a gaban Hajiya. Ya ce a ransa in an kawo katakon sai a yi aikin duka rana guda, adakar ta koma cikin hayaniyar ba wanda ya lura. Ƙarshen wata ya zo, aka yi rasuwa a dangi, kuɗin katako suka tafi can.

Ruwan ya sauko ne wani dare cikin Agusta, bayan sallar isha, aka yi ta yi babu ƙaƙƙautawa. Lambatun bakin titi ya riga ya cika da leda da robobin ruwa, saboda haka kafin tsakar dare titin ya zama kogi. Dokin ƙofar zaure ya tare ruwan, bai shiga gida ba, kowa ya yi hamdala ya kwanta. Ba wanda ya tuna da tagar da aka buɗe. Da asuba Malam ya fito da tocila zai tafi masallaci, sai ya ji wani ɗan motsi daga hannun dama, kamar ana kaɗa ruwa a tulu. Ya buɗe kwaɗon ya haska. Matakala ta ƙasa ta ɓace, ta biyu ma ruwa yana lasar bakinta. Kwalayen ƙasa sun narke, na sama sun rufto a kansu. Littattafan rubutu suna yawo a kife kamar matattun kifi. Tishun da aka huda ledarsa ya kumbura ya zama wani farin tuwo, ƙunzugun tagwaye kuma kowane ya sha ya yi tim. Adakar tana nan a bayan ƙofa, ruwa ya kai rabinta.

Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga, ya rungumo adakar shi kaɗai, mutumin da ya haura 60, ya hau matakala da ita ruwa na zuba daga gindinta, inda tsatsa ta daɗe da ci ba a sani ba. Ya ratsa tsakar gida da ita. Hajiya tana bakin murhu. Ta dube shi, ta dubi adakar, ta miƙe ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa a rumfa, ta ce, "Kawo nan, Malam. Sannu."

Wannan sannu ita ce duk abin da ta ce game da maganar, a ranar da kuma bayanta.

Takardar gida da ta fansho suna sama, danshi kawai suka yi. Takardar malanta, wadda aka manne cikin roba don a kare ta, ruwa ya sami wata 'yar kafa a kusurwa ya shiga, ya kuma rasa mafita, har sa hannun da ke ƙasa ya baje. Gafakar ce a ƙarƙashi, ita ta kwana cikin ruwa. Malam ya so a baza kome a rana, da zarar ta fito. Auta ce ta hana, domin an koya musu a darasin kula da laburare cewa zafin rana yana sa jiƙaƙƙiyar takarda ta ƙanƙance ta yi kaushi, kuma fumfuna kan kama cikin kwana biyu, don haka inuwa da iska ake so, da gaggawa. A manyan ɗakunan karatu na duniya ƙanƙarar da littafin ake yi har a sami sukunin gyara shi, amma wannan sai inda wuta ba ta ɗaukewa. Abin da suke da shi shi ne rumfa da mafitai da hannuwa 14. Hajiya ta raba aiki. Manyan yara suna kwashe ruwan ɗakin da bokiti, ƙanana suna fifita, ita da Auta suna ɓamɓare fallayen ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali, a hankali.

A nan rashin ɗinki ya yi rana. Littafin zamani in ya jiƙa yakan manne ya zama bulo, fallayen da kuwa kowane da kansa yake, ana iya shimfiɗa shi shi kaɗai. Ba a kuma ji tsoron rikicewarsu ba, ko da yake babu lambar shafi, domin marubutan da sukan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi. Ana bukatar busasshiyar takarda da za a riƙa sa wa tsakanin fallayen tana tsotse ruwan, ana canzawa. Malam ya sauka ya ɗauko rim 3 daga kwalin da ya tsira a can sama, ya farke su da hannunsa. Farar takardar da ya saya don gudun tsada, ita aka yi ta shimfiɗawa ana yarwa har la'asar, bai kuwa rubuta ko falle ɗaya a rajista ba.

Littattafan uku sun tashi. Sun yi tabo ruwan ƙasa a gefe, amma rubutun yana nan daram, domin da tawadar littafi aka yi shi, wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera. Irin wannan tawada kama jikin takarda take yi, ta zama ɗaya da ita. Akwai kuma tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, wadda a kan fuska kawai take zama, tun da dama don a wanke ta aka yi ta. Da Auta ta kai ga fallen da ke cikin tadarishin Risala, sai ta ɗaga shi ta yi shiru. Ga alama tsohon, duk ranar da aka yi masa albishir da haihuwa, ba ya tsayawa neman tawadar littafi, kurtun almajirin da ya fi kusa yake jawowa. Layi 11 ɗin sun zama wani toka-toka mai kama da hadari. Layi biyu na ƙarshe kaɗai suka tsira, na ƙannensa, saboda su da biro aka rubuta.

Duk takardun Malam na hukuma sun ce an haife shi ranar 1 ga Janairu, 1963. Kowa ya san yadda aka sami wannan rana. Da aka zo ɗaukar yara makaranta, an sa shi ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, ya taɓo, malamin da ke rajista ya yanka masa shekara. Da wannan ranar ya yi karatu, da ita ya yi aiki, da ita ya yi ritaya. Ta gaskiyar tana kan fallen nan, layi na huɗu. Ya karanta ta sau biyu a rayuwarsa, a makon da mahaifinsa ya rasu, da kuma ranar da ya sa gafakar cikin adaka. Ya tuna ranar Alhamis ce, ya tuna watan Rajab ne. Shekarar ce ta kuɓuce masa, ko 1380 ko 1381. Mutumin da ya rubuta kuɗin kowace ashana da aka saya a gidansa bai taɓa kwafe wannan layi ba, saboda ya san inda yake.

Da aka yi lissafi, kimanin kashi biyu cikin uku na kayan sun tafi. Littattafan da suka bushe a murɗe an raba wa ƙananan yara su yi zane, tuwon tishun kuma almajirai suka kwashe a baro. Bayan 'yan makonni, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Malam ya ji a rediyo, daga ranar bai sake ambaton hasararsa a dakali ba. Katakon ya zo a watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. An jera bulo, an yi kanta mai hawa biyu nesa da bango, an sa wa tagar raga, an kuma gina mata ɗan dakali ta waje. Abin da ke kan kantar yanzu bai fi na zango guda na karatu ba, in ya ƙare a sayo.

Da sanyi ya shigo, Malam ya hau mota ya tafi ƙauyen da yayarsa take aure, wadda ita ce layi na farko a fallen, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka girme shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, ko kin tuna shekarar da aka haife ni?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ina ta san shekara? Abin da ta sani shi ne ana sanyi ƙwarai, an gama yankan dawa, kuma ita aka aika ta kira ungozoma, ta yi tuntuɓe a bakin rijiya ta fasa gwiwa. Ta janye zane ta nuna masa tabon. Malam ya lissafa a ransa, ya ga Rajab na 1380 da na 1381 duk cikin sanyi suka faɗo.

Da ya dawo ya ɗauki falle guda daga rim na ƙarshe, ya rubuta da biro: Alhamis, Rajab, da sanyi, bayan yankan dawa, shekarar da Yaya ta fasa gwiwa. Ya haɗa shi da fallen mahaifinsa ya sa cikin tadarishi, ya ɗaure, ya mai da gafaka. Hajiya ta riga ta sa an kafa turke a bangon ɗakinsa, sama da kan gado. Ya miƙa hannu bai kai ba, sai da ta kira ɗaya daga cikin jikokin ya kawo kujera.